An Yanka Ni Ina Magana

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Kowace mace ta shigo da sunan dubiya, bakinta na cewa sannu, idonta na kan wuyana. Na ba da labarin nan a tsakar gida, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a layin famfo. Sai shekaranjiya na ji wai a Kinkinau ana cewa mahauci ne ya yi mini aiki da wuƙar fawa, ina zaune ina cin goro. To tunda abin ya kai haka, gara in rubuta da hannuna. Ba a banza na zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in sha iska.

Duk wanda ya san ni a Kurmin Mashi ya san ni da abu biyu, maƙoƙo da murya. Muryar da ita aka haife ni. Maƙoƙon kuwa bayan haihuwar autana ya fito, kamar ƙwan zabuwa, ya yi ta girma har ya kai gwandar daji, ya soma danne mini numfashi in na kwanta. Likitan da na gani a nan Kaduna ya ce sai an cire. Amma ya ce akwai wata jijiya siririya kamar zaren ɗinki a bayansa, ita ke riƙe da murya. In wuƙa ta taɓa ta, shi ke nan, sai dai raɗa har ƙarshen rayuwa. Na juya na dubi Malam, maigidana, tsohon akawu mai ritaya, mutumin da in ya yi magana da safe to ya gama ta ranar. Na ga ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Har yau ban san ko tausayi ne ba ko murmushi yake ɓoyewa.

Asibitin nan suka yi ta juya ni, dawo bayan azumi, dawo bayan babbar salla. Ana haka ƙanwata Rabi, da ke aure a wani gari gaba da Maraɗi, ta aiko cewa akwai asibiti kusa da su inda ake cire maƙoƙo kamar ana cire ƙaya. Na ce wa Malam ya ɗauko laimarsa.

Muka shiga fijo a tashar Kawo, irin mai kujera layi uku. Aka matse ni tsakanin Malam da wani mai tallan magani. Ko Zariya ba mu kai ba ya buɗe jaka ya ciro wani man shafawa, ya ce in na shafa safe da yamma, kafin mu isa Katsina maƙoƙon ya narke. Na dube shi da kyau, sai ga wani ƙari a bayan kunnensa kamar goruba.

Na ce, "Malam mai magani, wannan fa na bayan kunnenka? Ko ajiya aka ba ka?"

Ya mayar da mansa cikin jaka, muka ci gaba har Funtuwa, inda taya ta fashe, muka zauna gindin mangwaro muna kallon direba yana zagin jak.

A Katsina muka sake mota zuwa Jibiya. Na naɗe wuyana da mayafi saboda idon mutane. A kan iyaka wani ɗan kwastan, yaro ne ko gemu bai gama fito masa ba, ya leƙo ta taga ya nuna wuyana da sanda.

"Hajiya, me kika ɓoye a nan?"

Na ce, "Kaya ne."

"Wane irin kaya? Sauko!"

Na sauko, na warware mayafin a hankali, na miƙa masa wuya. Na ce, "Ga shi nan. Haramtacce ne, ka kama. Don Allah ka ƙwace, ka hutar da ni sauran tafiyar."

Abokan aikinsa suka yi ta dariya har ɗaya ya zubar da shayinsa. Na ɗaya gefen kuwa, jandarmomin Nijar, wandunansu a ɗame kamar an zuba su ciki. Suka karɓi takardunmu, sai kawai suka rufe taga. Wai rana ta yi tsaka, lokacin hutu ne. Can ƙasar haka suke, da azahar gwamnati gaba ɗaya kwanciya take yi. A Kaduna ma'aikaci in zai gudu daga ofis sai ya rataye rigarsa a kujera don a ce yana nan. Su kuwa ba munafunci, rufewa suke yi kowa ya sani.

Rabi ta tarbe mu da burodinsu mai kama da taɓarya, wanda in ka bar shi ya kwana sai ka kashe kare da shi. Ga ganyen zogale da ƙuli, ga taliya tana iyo cikin mai. Harshenta ma ya juye, duk maganarta ta koma munka da sunka.

Ta ce, "Yaya, gobe da sahe mu tahi likita. Babba ce, ƙofarta biyu. Cikinta za ki kwana."

Na ajiye cokali. Na ce, "Cikin wa zan kwana?"

Ashe a can asibitin ne ake kira likita, shi kuma likitan sunansa lokotoro. Ban gama haɗiye wannan ba ta ce in kwantar da hankalina, Mushe da kansa zai duba ni.

Na ce, "Rabi, na baro likitoci masu rai a Kaduna, na zo mushe ya duba ni?"

Wai haka suke ce wa malami, daga Faransanci. Malam ya ce, "Ikon Allah," ya ci gaba da yaƙi da burodinsa.

Asibitin ba laifi, a share yake tsaf. Aka ba ni gado kusa da taga a ɗakin mata. Masu jinya suna da fili a baya inda kowa ke kafa murhunsa, maza kuma suna da rumfa, nan Malam ya shimfiɗa tabarma. Ta tagar nan nake ganin barandar da ƙananan likitoci ke taruwa kowace safiya. Mushen nasu wani dattijo ne Bazabarme, dogo, Hausarsa a karkace. Na zuba ido in ga karatu. Na ɗauka zai tsaya gaban allo ya faɗa su maimaita. Ina! Sai ya zauna, ya naɗe hannu a ƙirji, ya ce, "To, yau mi kuke son koyo?"

Wannan ya ce shi ɗinkin hanji ne ke ba shi wuya. Sai ya hau keke ya tafi mahauta ya sayo hanjin saniya, ya yanka, ya ɗinke, ya ɗura ruwa ya ga ko zai yoyo. Wata yarinya ta ce ita ƙullin zaren ɗinki take so hannunta ya saba da shi. Wannan yarinya ba abin da ta bari. Ƙarfen gadona ta ƙulle shi da zare, hannun butata ta ƙulle. Malam ya jingine laimarsa ya shiga salla, ya fito ya tarar an yi mata ƙulli tun daga sama har ƙasa, ba ta sake buɗuwa ba sai da aka sa reza. Shi kuwa Mushe in sun tambaye shi abu, sai ya mayar musu da tambaya. "Kai mi ka gani?" Na ce wa ta gadon kusa da ni, wannan tsohon ko dai bai san komai ba, ko kuwa rowar ilimi gare shi.

Rannan sai ga wani siririn saurayi da farar riga, kunnuwa fato-fato, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna, sunana Lawali. Ni na zaɓe ki."

Na ce, "Ka zaɓe ni? Akuya ce ni a kasuwa?"

Ya ce a'a, shi aikin maƙoƙo ya zaɓa ya koya, don a yankinsu da wuya ka shiga gida ba ka ga mai shi ba, kuma ba mai cirewa. Ya taya Mushe aikin sau da yawa, ya riƙe, ya ɗinke, amma bai taɓa yi shi ne a gaba ba. Ni ce ta fari.

Na ce a kira mini Mushe. Da ya zo ban ko bari ya gama sallama ba.

"Malam, ni marainiya ce da za a koyi aski a kaina? Muryar nan da kake ji, da ita na aurar da 'ya'yana, da ita nake sayen nama a kan farashinsa. Ka ba yaro wuƙa ya je kusa da ita?"

Ya saurare ni har na ƙare, abin da ba kowa ke iyawa ba. Ya ce, "Hajiya, ni tana tsaye kusa da shi. In ya ɓata hanya, ni karɓa wuƙa. In kin ce sai ni, to ni yi. Amma hannu nawa ya tsufa. Gobe wa yanka ma mutanen ƙauyensu?"

Na ce, "To yaushe za a yi?"

"Shi za ya faɗi. Ranar da ya shirya."

"Ba kai za ka ce ya shirya ba?"

"Ni ba cikin hannunshi nike ba."

"In bai taɓa shiryawa ba fa?"

Ya ce, "Akwai fura mai kyau bakin ƙofa."

Na so in tattara kayana. Abin da ya zaunar da ni, na tuna a Kaduna ba wanda ya taɓa durƙusawa ya gaya mini wane ne zai riƙe wuƙar. Mai yiwuwa can ma ɗan koyon ne, sai dai ina barci ba zan sani ba. Wannan aƙalla na ga kunnuwansa.

Aka shiga jira. Kullum Lawali zai zo ya lallatsa wuyana, ya ce in haɗiye miyau, ya zana da biro, ya tafi. Sai in hango shi a baranda da wuyan akuya a faranti, yana tonon wata jijiya da ɗan tsinken ƙarfe, abokansa sun kewaye shi. Shi ya roƙe su su yi ta yi masa tambayoyi, in ya kuskure su yi masa ihu. Suna kuwa yi, har da tafi. Wata rana ya kawo mini littafinsa ya nuna mini hoton cikin wuya. Baƙaƙen duk na san su, amma an jera su jerin mahaukata, ba kalma ɗaya da ta fita.

Kowace safiya ina ce masa, "Ɗan nan, ka shirya?"

"Tukuna, Inna."

"Akuyoyin garin nan sun kusa ƙarewa fa."

Abin ya tuna mini da namu ajin na yaƙi da jahilci. Malamarmu da ƴar bulalarta, ba, bi, bu, mu tsofaffi muna bi kamar aku. Ni kuwa abin da ya kai ni makarantar daban ne. Yaran unguwa ne suka yi rubutu da gawayi a bangon gidanmu, kowa ya wuce sai ya yi dariya, na tambayi Malam ya ce ba komai ba ne. Na ce wa Malama ta fara koya mini wannan, ta ce ba mu kai nan ba. Sai na riƙa kwafo baƙi ɗaya-ɗaya a tafin hannuna ina tambayar ƴan ajin gaba, har na haɗa da kaina. GIDAN REDIYO. Ba, bi, bu na sha mantawa, amma waɗannan baƙaƙen ko a kabari aka tashe ni zan kawo su. Duk da haka na ce wa Rabi bango daban, wuya daban.

Ranar wata Talata sai ga Lawali da sauri, Mushe na biye da shi. Ya ce ya samo dabara a wani tsohon littafi. Ba za a sa ni barci ba. Allura za a yi wa wuyan ya mutu, ni kuwa in yi ta magana tun daga farko har ƙarshe. In ya matsa kusa da jijiyar, muryata za ta canza, sai ya ja da baya. Ya juya ya tambayi Mushe ko ana yin haka.

Mushe ya ce, "Ana yi. Ni yi shi da yawa."

Na ce, "Ka sani, ka bar yaro yana ta fama da akuyoyi?"

"Bai tambaya ba."

Na buɗe baki zan wanke shi, sai Malam daga bakin ƙofa ya ce, "Likita, in dai magana ce maganin, to ka kwantar da hankalinka." Da yamma na hango su biyu a rumfa, shi da Lawali, kai a haɗe. Malam na ta bayani har da nuni da hannu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ya yi doguwar magana haka ba.

Washegari Lawali ya ce, "Inna, na shirya."

Aka kwantar da ni a ɗakin tiyata, aka sa matashi a ƙarƙashin kafaɗata, wuyana ya miƙe kamar na ragon layya. Aka kafa ƙyalle tsakanin fuskata da wuyan, ba na ganin komai sai rufin ɗaki. Aka yi allurai. Na ji ana taɓa ni amma ba zafi, sai ƙarar ƙarafa.

Lawali ya ce, "To Inna, bismilla. Yi magana. Kada dai ki motsa kai."

Jama'a, ku ji ikon Allah. Tunda uwata ta haife ni ake ce mini in yi shiru. Yau ga ranar da aka roƙe ni in yi magana, na nemi kalma ko ɗaya na rasa.

"Inna?"

Na ce, "Uhm."

"Uhm ba ta isa ba. In ba ki magana ba ni iya ci gaba."

Na yi salati, ya fito can ƙasa-ƙasa, na sake yin shiru. Na ji Mushe ya ce, "To lokotoro, rediyo ta mutu. Mi za ka yi?"

Lawali ya yi gyaran murya. Ya ce, "Inna, an ce Kaduna ba gari ba ce, bariki ce. Kowa baƙo."

Na ce, "Haka ne." Tsoro ya sa na sayar da garinmu.

Sai ya ce, "Malam ya ce tunda yake bai taɓa shan miyar kuka irin ta Rabi ba."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Malam."

"Miyar Rabi? Rabin da ni na koya mata kaɗa miya? Wannan ruwan wankin da take zuba wa daddawa kamar ta samu a kyauta?"

"Yawwa Inna, ci gaba."

Na kuwa ci gaba. Na faɗi ranar da Rabi ta ƙona tuwon sunan ɗanta, na faɗi yadda Malam ke suɗe kwano a gidana har sai na ƙwace. Da na soma lafawa sai yaron ya sake jefo wata.

"Ya kuma ce takardar da anka ba ki ta yaƙi da jahilci, ba ci kinka yi ba. Malama ce ta ji tsoronki."

Wallahi da ba a riƙe mini kai ba da na tashi zaune da wuya a buɗe. Na ce a je a tambayi duk Kurmin Mashi wa ya zo na ɗaya a shifta. Na karanto musu sunayen ranaku da na watanni. Ina cikin bayanin yadda shi kansa Malam yake kawo mini jarida in karanta masa in ya manta tabarau, sai na ji muryata ta shaƙe. Ta koma irin ta agwagwa. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito.

Ƙarar ƙarafa ta tsaya cak.

Mushe ya ce, a hankali, "Mi ka ji?"

Lawali ya ce, "Murya ta sake."

"Mi ka riƙe?"

Ni kuwa ina kallon rufin ɗaki, hawaye na gangarowa cikin kunnena. Na ce a raina shi ke nan, abin da na yi ta tsoro ya faru, kuma maganata ta ƙarshe a duniya a kan tabaran Malam ta ƙare. Ina jin numfashin yaron. Ina jira in ji tsohon ya ce kawo wuƙar. Bai ce ba.

Can sai na ji ƙyas, Lawali ya saki wani ƙarfe da ya matse wurin da shi. Ya ce, "Na gan ta. Ga ta nan kwance, ban yanke ba. Jan ta na yi." Sai ya ce, "Inna, ce wani abu."

Na ce, "A." Ta fito a shaƙe.

"Ƙara."

Ban iya ba, tsoro ya dawo sabo. Sai ya ce, da sauri kamar mai jefa guga ta ƙarshe a rijiya, "Malam ya ce in kinka tashi babu murya, zai yi sadakar ƙosai."

"Ƙosai?"

Ta fito tar, har wata ma'aikaciya ta saki faranti. Na ce ƙosai, ko rago ban kai ba? Na ce a gaya masa ya ajiye wakensa. Daga nan ban sake tsayawa ba har aka gama ɗinki. Aka nuno mini abin a kwano, na ce masa tafi can, baƙin baƙo. Daga baya na ji cewa duk aikin nan Mushe bai taɓa wuƙa ba, ƙugiya kawai ya riƙe wa yaron yana buɗa masa wuri. Da Lawali ya zo duba ni na ce masa ya yi ƙoƙari, amma ya riƙa cin abinci. Ya ce gobe abin da zai nema a koya masa shi ne yadda ake ja ba a taɓa jijiyar ba sam. Na ce to wannan karon a wuyan wata.

Ya hana ni doguwar magana sai ɗinki ya kama, na kuwa bi umarni, don na ga abin da ya kusa faruwa. Na haɗiye maganar Malam har aka sallame mu, muka yi ban kwana da Rabi, muka tsallako iyaka. Sai da muka zauna a mota a Jibiya na juya na dube shi.

Na ce, "Malam, maganganun nan da ka ba yaron nan."

Ya ce, "Magani ne, Hajiya. Ya ce in ba shi abin da zai tayar da ke in kin yi shiru. Da ina son ki rasa murya, ai da na ce masa ba abin da ke ɓata miki rai."

Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Ke nan duk ƙirƙira ka yi."

Ya gyara hula, ya jingina da kujera, ya lumshe ido. Ya ce, "Ɗaya ce kawai gaskiya."

"Wacce?"

Ya soma minshari, mutumin da ko a gado ba ya minshari.

Masu tambaya ko muryar ta dawo daidai, ku je tashar Kawo ku nemi direban da ya ɗauko mu. Tun kafin mu fita Katsina ya kashe kaset ɗinsa, ya ce ɓarnar batir ce.